Kyamara Mai Naɗewa Ta Fim 120: Ƙirarta Da Ƙa'idojin Aiki Da Ita

Gabatarwa

A cikin kayan da magabata suka bari a akwatuna, ko waɗanda ake tararwa a hannun dillalan tsofaffin kaya, akan sami wata irin kyamara wadda in tana rufe sai a ce ɗan littafi ne mai bangon fata. In aka danna wani ɗan maɓalli a gefenta sai murfin gaba ya buɗe, idonta ya fito a bakin wata baƙar jaka mai ninki-ninki. Ita ce kyamara mai naɗewa. Tun daga wajen 1900 har ƙarshen shekarun 1950 da irinta matafiya da malamai da masu iyali na ƙasashe da yawa suka ɗauki hotunansu.

Wanda ya same ta a yau yakan zaci ta mutu, don ya nemi wurin sa batir bai gani ba, ya danna maɓallin ɗauka bai ji motsi ba. Alhali kuwa da yawa daga cikinsu lafiyarsu lau, kuma har yanzu ana yin fim ɗin da suke ci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin aiki da su. Wannan kyamara ba ta yanke wa mai ita shawarar kome. Yawan hasken da zai shiga, da tsawon lokacin da zai yi yana shiga, da nisan abin da za a ɗauka, duk a hannun mutum suke, kuma kowanne yana da wurinsa a fili inda ido zai gani, yatsa ya taɓa. Saboda haka ta dace da malamin da ke so ya koya wa ɗalibai ilmin haske, ta kuma dace da mai bincike wanda ke so ya fahimci yadda aka sami tsofaffin hotunan da yake kafa hujja da su.

1. Asalinta

Tushen kowace kyamara shi ne ɗaki mai duhu da 'yar kafa guda. In haske ya bi ta kafar, sai surar abin da ke waje ta bayyana a bangon da ke fuskantarta, amma a kife, sama ta koma ƙasa. Malamin nan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi bayanin wannan al'amari a littafinsa Kitabul Manazir. Ita kanta kalmar kyamara daga Latin ta samo asali, ma'anarta ɗaki.

Da aka sa gilashi a bakin kafar, sura ta ƙara haske da tsabta, amma da sharaɗi: dole gilashin ya tsaya a wani ƙayyadadden nisa daga wurin da surar za ta sauka. Ga hoto mai faɗin santimita 6 da tsawon 9, wannan nisa ya kai milimita 105. Watau ke nan akwatin kyamara zai yi zurfin da ya wuce santimita 10, ba kuwa zai shiga aljihu ba. Dabarar da maƙera suka yi ita ce su maye bangon akwatin da jaka ta fata mai laushi, mai ninki kamar zugazugin maƙeri, wadda za ta miƙe lokacin aiki, ta naɗe in an gama. Wannan jaka ita za a riƙa kira zugazugi a nan gaba, ko da yake aikinta tsare duhu ne, ba hura wuta ba.

Kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da kyamarar aljihu mai naɗewa kafin 1900, sa'an nan a 1901 ya fitar da fim mai lamba 120. Amma a Jamus ne sana'ar ta kai maƙura. A 1926 kamfanoni huɗu, watau Contessa-Nettel da Ernemann da Goerz da ICA, suka haɗu suka zama Zeiss Ikon, wanda ya fitar da Ikonta a 1929, daga baya kuma Super Ikonta mai ma'aunin nisa, da Nettar mai sauƙin kuɗi. A 1929 ɗin nan Voigtländer na birnin Braunschweig ya fitar da Bessa. Agfa ya fara yin Isolette gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci gaba bayansa. A Japan an fitar da Mamiya Six a 1940, wadda fim ne ke matsawa gaba da baya a cikinta wajen daidaita nisa, ido kuwa yana tsaye wuri ɗaya. A Tarayyar Sobiyat, bayan yaƙin, an ƙera Moskva bisa ƙirar Super Ikonta.

Wajen 1960 kasuwarta ta faɗi. Ƙaramin fim mai faɗin milimita 35 ya inganta, yana ba da hoto 36 a naɗi ɗaya, kyamarorinsa kuma ana iya sake musu ido. An ɗan farfaɗo da ƙirar a 2009 da Fujifilm GF670, wadda aka kuma sayar da sunan Bessa III, amma ita ma an daina yinta.

2. Sassanta

Banda zugazugi, sassa huɗu ne ya kamata a sani.

Na farko ido, watau jerin gilasan da ke tattara haske. Masu araha gilashi uku gare su, bisa tsarin da Dennis Taylor ya ƙago a Ingila a 1893; daga cikinsu akwai Novar da Agnar da Apotar. Masu tsada gilashi huɗu gare su, bisa tsarin Tessar wanda Paul Rudolph ya ƙago a kamfanin Zeiss a 1902. Skopar da Solinar 'yan wannan gida ne. Sunan ido da tsawon nisansa a rubuce suke kewaye da gilashin gaba, 75 ko 80 ga hoto mai murabba'i, 105 ga dogon hoto.

Na biyu kafar haske. Waɗansu siraran ganyayen ƙarfe ne a cikin ido, masu tsukewa da buɗewa kamar ƙwayar idon kyanwa. Lambobinta su ne 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, akan rubuta su f/8, f/11, da sauransu. Lambar tana nuna sau nawa faɗin kafar zai shiga cikin tsawon nisan ido, shi ya sa babbar lamba take nufin ƙaramar kafa. Alal misali ido mai 105 in an sa shi a f/8, faɗin kafarsa kimanin milimita 13 ne. Kowane mataki zuwa sama yana rage haske da rabi.

Na uku ƙyaure, watau waɗansu ganyayen na dabam da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido. Yana aiki da sifirin da 'yan haƙoran ƙarfe irin na agogo. Mashahuransu su ne Compur, na kamfanin Friedrich Deckel a Munich, da Prontor da Vario, na kamfanin Alfred Gauthier a Calmbach. Lambobin da ke jikinsa kashi ne na sakan: 100 na nufin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Vario mataki uku kawai gare shi, Prontor-S yakan kai 300, Compur mafi sauri ya kai 400 ko 500. Harafin B na nufin ƙyaure zai zauna a buɗe muddin yatsa na kan maɓalli. Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan ƙyamare sai an ɗana su tukuna, kamar yadda ake ɗana tarko, da wani ɗan hannu da ke saman ido. Wanda bai ɗana ba, kome dannawarsa ba abin da zai motsa, kuma wannan ne ya sa ake yi wa kyamarori masu lafiya hukuncin mutuwa.

Na huɗu tagar leƙe, inda mai ɗauka yake sa idonsa ya ga iyakar abin da zai shiga hoto. Ba ta nuna ko nisa ya daidaita, iyakarta nuna gefe da gefe.

3. Fim

Fim 120 faɗinsa kimanin milimita 61 ne, tsawonsa ya ɗara santimita 80 kaɗan. An manna shi a jikin wata doguwar takarda wadda haske ba ya ratsa ta, aka naɗe su tare a kwarkwaro. Yawan hoton da naɗi ɗaya zai bayar ya danganta ga ƙirar kyamara: mai 6 da 9 tana ba da 8, mai 6 da 6 tana ba da 12, mai 6 da 4.5 tana ba da 16. A bayan takardar an buga lambobi sahu uku domin waɗannan ƙira uku, kuma a murfin baya na kyamara akwai 'yar jar taga daidai da sahun da ya dace da ita.

Dalilin da ya sa tagar take ja shi ne fim na farko ba ya ganin jan haske. Fim na yanzu kuwa yana ganin kowane launi, saboda haka takardar baya ce kaɗai ke kāre shi. In tagar tana da marufi, a buɗe shi lokacin murɗawa kawai, a cikin inuwa. In ba ta da shi, a liƙa mata baƙin tef.

A nan ne fa'idar wannan kyamara take. Dodon hoto na ƙaramin fim faɗinsa milimita 24 ne da tsawon 36. Na 6 da 6 ya fi shi fili fiye da sau uku da rabi, na 6 da 9 kuwa fiye da sau biyar. Tun da ba a bukatar a faɗaɗa shi ƙwarai, zanen bango da saƙar tufa da gyaran fuska sukan fito sumul, launin toka yana bin juna ba tsalle. A dā ma ba a faɗaɗawa: akan ɗora dodon a kan takardar hoto a haska, shi ya sa hotunan iyali na wancan zamani da yawa girmansu bai wuce tafin hannu ba.

Kafin a sayi fim a duba cikin murfin baya. In an ga 120 ko B2, to, shi ke nan. In an ga 620, fim ɗin ɗaya ne amma kwarkwaronsa ya fi siranta, kuma Kodak ya daina yinsa a 1995. Sai dai a warware 120 a cikin duhu ƙirin a naɗe shi a tsohon kwarkwaron 620. Na 120 kuwa Ilford da Kodak suna yinsa har yanzu: FP4 Plus mai saurin 125, HP5 Plus da Tri-X masu 400. Wannan lamba, wadda ake kira ISO, a dā ASA, tana nuna saurin kama haske. Mai 400 yana bukatar rubu'in hasken da mai 100 ke bukata.

4. Dubawa Kafin A Ɗura Fim

Rigakafi ya fi magani, balle ga kayan da ya shekara saba'in a ajiye. Abu biyar ake dubawa.

Zugazugi shi ne farko, don shi ya fi lalacewa. A shiga ɗaki mai duhu, a buɗe murfin baya, a cusa tocila a ciki, a bi kusurwoyin ninki ɗaya ɗaya. In an ga ɗigon haske kamar taurari, to, ya huje, kuma kowace huda za ta bar tabo a hoto. Huda ɗaya ko biyu ana iya toshe su daga ciki da baƙin fenti mai laushi wanda ba ya tsagewa in ya bushe. In sun yi yawa, magani shi ne sabon zugazugi.

Sa'an nan matokaran ƙarfe biyu da ke riƙe da ido. Ya kamata su kulle da ɗan ƙara, ido ya tsaya cik yana fuskantar fim sosai. In yana rawa, ko ya karkata, gefe ɗaya na hoto zai fito dishi-dishi, kuma wannan aibi da wuyar gyara.

Na uku gilashi. A sa ƙyaure a B, a buɗe kafa duka, a leƙa ta wajen fitila. 'Yar ƙura ba kome. Yana kamar ta tsohon ido, ko zare-zare kamar saƙar gizo, wanda funfuna ke haddasawa, su ne ke dusashe hoto.

Na huɗu ƙyaure. A ɗana, a saki, a kowane mataki, ana saurare. A sakan ɗaya ya kamata a ji ƙugin haƙora ba yankewa har ya rufe. In ya tsaya a tsakiya, tsohon mai ne ya daskare, kuma aikin mai gyara ne ya wanke shi. Kada a ɗiga masa man keken ɗinki, gama zai bi ganyayen ya manne su.

Na biyar zoben nisa. A cikin waɗansu giris ɗin ya bushe har zoben ya ƙi juyawa. Kada a tilasta shi da filaya. In yana juyawa, a gwada gaskiyarsa: a shimfiɗa takarda mai shara-shara daidai inda fim ke kwanciya, a buɗe ƙyaure a B, a lulluɓe kai da baƙin mayafi, a fuskanci wani abu mai nisa. Surar za ta bayyana a kife, kuma ya kamata ta fito sarai lokacin da zoben ya kai alamar nisa marar iyaka, wadda ta yi kama da 8 a kwance. Malamin da ya nuna wa aji wannan ya nuna musu ɗakin Ibnul Haisam a tafin hannu.

5. Ɗura Fim

A yi wannan a inuwa. A buɗe murfin baya, a mai da kwarkwaron da ba kome a jikinsa zuwa ɓangaren da mamurɗi yake, a sa sabon naɗi a ɗaya ɓangaren. A yanke tef ɗin da ya ɗaure shi, yatsa na danne da naɗin don kada ya saki. A ja bakin takarda, baƙin gefenta yana fuskantar ido, a cusa shi a tsagar kwarkwaron, a murɗa sau biyu ko uku a tabbata tana tafiya sambal ba ta hau gefe ba. Sa'an nan a rufe murfi, a ci gaba da murɗawa a hankali ana duban jar taga. Za a ga kibiyoyi da ɗige-ɗige na gargaɗi suna wucewa, kana lamba 1 ta tsaya. Mamurɗi ba ya komawa baya, wanda ya wuce lamba ya yi hasarar wuri.

Waɗansu tsofaffin masu hoto 16 taga biyu gare su: kowace lamba akan tsai da ita a ta farko a ɗauka, sa'an nan a ta biyu a sake ɗauka. Waɗansu masu 6 da 9 kuma suna da wani allo da ake sa wa ciki ya mai da su 6 da 6, su ma taga biyu, kowace da nata sahu.

6. Shawara Uku

Nisa. In kyamara ba ta da ma'aunin nisa, mutum ne zai kintata, ko ya auna da taku, ya juya zobe zuwa lambar. A fara duba ko lambobin mita ne ko ƙafa, don waɗanda aka yi wa kasuwar Ingila da Amurka da ƙafa aka rubuta su. Kuskuren kintace yana da sarari, kuma kafar haske ce ke ƙayyade faɗin wannan sarari. Da ido mai 75, in an sa nisa a mita 2 da kafa f/4.5, abin da zai fito sarai bai fi zurfin santimita 30 ba; in an tsuke zuwa f/11 sai ya kai wajen 80. In kuwa aka sa f/11 da nisan mita 10, duk abin da ke tsakanin mita 5 da ƙarshen gani zai fito. Zeiss Ikon yakan sa jan ɗigo a zoben nisa da wani a ma'aunin kafa. In an daidaita su biyu an sami irin wannan tsari ba tare da lissafi ba. Ido mai 105 sararinsa ya fi ƙunci, don haka mai 6 da 9 ta fi bukatar kula.

Haske da lokaci. Waɗannan biyu tare suke tafiya, kamar mai cika tulu: ko ya buɗe famfo sosai na ɗan lokaci, ko ya buɗe kaɗan ya daɗe. F/16 a 50, da f/11 a 100, da f/8 a 200, duk haske ɗaya suke kai wa fim. Ga wanda ba shi da ma'aunin haske akwai tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka mai kaifin inuwa, a sa f/16, a sa ƙyaure a lambar da ta fi kusa da saurin fim. Watau fim mai 100 ko 125 yana son 100. In rana ta ɗan dusashe, f/11. In gajimare ya rufe ta, f/8. A inuwar da ke kallon sarari, f/5.6. In ana shakka a ƙara haske, gama fim irin na dodo yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Idanu masu gilashi uku sun fi kyau daga f/8 zuwa f/16.

Ga misali. Mai bincike yana so ya ɗauki fuskar wani gini mai zane da hantsi, da fim mai 125 a kyamara mai 6 da 6. Zai sa f/16 da 100, nisa mita 7, kome daga mita 3 da rabi zai fito. Daga nan yana so ya ɗauki dattijon gidan. In ya tsai da shi a rana da farar riga da rawani, bambancin hasken tufa da na fuska zai yi yawa, inuwar rawani ta rufe idanu. Gara ya zaunar da shi a bakin zaure inda inuwa take amma sarari na haska shi, ya sa f/5.6 da 100, ko f/8 da 50. Tun da kafa ta buɗe, kintace bai isa ba, sai ya auna nisa zuwa fuskar da tef ko da igiya mai ƙulli.

7. Tsarin Ɗauka

Yawancin hasarar fim daga saɓa tsari take zuwa. Ga jerin da ya kamata ya zama jiki.

A buɗe murfin gaba a hankali, hannu na tare da shi. In aka bar sifirin ya wurga shi, zugazugi zai zuƙi iska da ƙarfi ya janyo fim daga shimfiɗarsa, tsakiyar hoto ya ɓaci. Don haka masana da yawa sukan buɗe tukuna, kana su murɗa zuwa sabuwar lamba. Sa'an nan a sa nisa, a sa kafa, a sa lokaci, a ɗana. A ƙyauren Compur, matakin da ya fi sauri yana da sifirin na biyu, saboda haka a zaɓe shi kafin a ɗana, kada a tura zoben zuwa gare shi bayan an ɗana. A leƙa, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a riƙe numfashi, a matsa maɓalli sannu. Ƙasa da 50 hannu ba ya tsayawa, sai a ɗora kyamara a matsayi mai ƙafa uku, ko a kan katanga, a saki da igiyar matsawa.

Da yawa daga cikinsu ba su da abin hana ɗaukar hoto biyu a wuri ɗaya. Magani shi ne mutum ya zaɓi al'ada guda, ko ya murɗa nan take bayan kowace ɗauka, ko gab da kowace ɗauka, ya dawwama a kanta. Wanda ke yin wannan yau, wancan gobe, lalle zai sami raƙumi a tsakiyar masallaci, ko kuma fili fayau ba kome.

Tagar leƙe tana sama da ido, don haka a kusa abin da take gani ya ɗan fi abin da ido ke gani tsawo, shi ya sa ake yanke wa mutane kai. A ƙasa da mita 2 a bar sarari bisa kai. Kafin a naɗe, a mai da zoben nisa ƙarshe, don a waɗansu murfi ba ya rufuwa sai da haka. In an ɗauki lamba ta ƙarshe, a yi ta murɗawa har wutsiyar takarda ta wuce taga, a buɗe a inuwa, a fitar da naɗin a matse, a lanƙwasa bakinsa, a liƙe da tef ɗinsa, a sa a aljihu ko gwangwani. Naɗin da ya yi sako-sako haske yakan shiga ta gefensa.

Ya kamata kuma a san iyakarta. Mafi kusa da take iya gani wajen mita ɗaya ne, inda faɗin abin da ke shiga hoto ya kai kusan santimita 70 da ido mai 75. Shafin rubutun ajami ba zai cika ko sulusin wannan ba, tagar leƙe kuma ba ta da gaskiya a nan. Saboda haka ba ita ce kayan kwafar littattafai ba. Gini, da kasuwa, da masu sana'a a bakin aikinsu, da mutum a zaune, su ne fagenta.

8. Zafi, Ƙura Da Laima

An ƙera waɗannan kyamarori a ƙasashe masu sanyi, wanda zai yi aiki da su a ƙasar Hausa sai ya ƙara kula da abu uku. Zafi yana dusashe fim, musamman mai launi, don haka kada a bar shi a mota a rana, kuma a kai shi wanki da wuri bayan an ɗauka. In an ajiye shi a firji, a bar shi ya huce a cikin ƙunshinsa kafin a ɓare, don kada raɓa ta sauka a kansa. Da hunturu, duk buɗewar zugazugi zuƙar ƙura ce. Ƙwayar da ta sauka a fim takan tare haske, ta bar baƙin ɗigo a hoto. A riƙa hure cikin kyamara kafin kowane naɗi, a naɗe ta in ba a aiki, kada kuma a goge gilashi sai an fara hure yashin da ke kansa. Da damina laima ce abokiyar gaba: kada a bar kyamara a cikin jakarta ta fata wata da watanni, gama nan funfuna ke samun gida. Har wa yau, kaifin rana yana tona hudar da ba za ta nuna a ƙasar gajimare ba, saboda haka kada a yi yawo da zugazugi a miƙe.

9. Dodon Hoto A Matsayin Shaida

Dodon fari da baƙi azurfa ce a cikin danƙo. In an wanke shi da kyau, aka ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima, cikin takardar da ba ta da asid, yakan wuce ran wanda ya ɗauke shi, kuma ana iya duba shi da ido tsirara ko a shigar da shi kwamfuta. Amma dodon da ba a san wane ne a ciki ba, ko ina, ko yaushe, rabin shaida ne. Ya wajaba mai bincike ya riƙe ɗan littafi, ya rubuta lambar naɗi da ta hoto, da rana, da wuri, da sunan mutum bayan ya nemi izninsa.

Masu kula da tsofaffin dodanni su lura da abu biyu. Fim ɗin da aka yi kafin wajen 1950 yana iya zama na naitiret, wanda ke kama wuta da sauƙi, sai a ware shi daga takardu. Wanda ya biyo bayansa, na asitet, in ya fara ruɓewa yakan yi tsamin wari kamar ruwan khal, yana kuma harbin na kusa da shi. A ware shi, a kwafe shi da gaggawa.

Sanin kyamarar yana kuma taimaka wa mai karanta tsohon hoto. Girman dodo yana nuna irin kyamarar da aka yi aiki da ita. Tabon haske da ke maimaituwa wuri ɗaya a hotuna da yawa alama ce cewa zugazugi ɗaya ne ya ɗauke su. Tsayuwar mutane ƙiƙam a fili, a rana, sau da yawa sharaɗin fim mai jinkiri ne da ƙyaure marar sauri, kada a yi saurin fassara ta da halin mutanen. Kuma wanda hoto takwas kaɗai gare shi a naɗi ba ya ɗaukar abu sai ya ga ya cancanta, don haka abin da ya zaɓa da abin da ya bari duka labari ne.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kyamara mai naɗewa tana neman abu kaɗan: zugazugi marar huda, ƙyaure mai motsi, naɗin fim 120, da mutumin da zai bi tsari ba gaggawa. Kwalejin da ke da guda a ɗakin ajiya ya kamata ta fitar da ita, a yi mata dubawar nan biyar, a fara da naɗi ɗaya na fari da baƙi, ana rubuta nisa da kafa da lokacin kowane hoto. In an wanke, a jera dodanni kusa da littafin, ɗalibai su gwada abin da aka rubuta da abin da ya fito. A nan za su ga da idonsu abin da kowace shawara ta haifar, gani kuwa ya kori ji.